Ranar da Na Dafa wa Mota Zuma a Toranke

Ku matso kusa ku ji, don wallahi bakina ya gaji da maimaici. Tun da na dawo daga Toranke, duk wadda ta kawo markaɗe sai ta dire roba ta gyara zama, wai sai na ba ta labari tun daga farko. Shekaranjiya har ƙullun wata ya fara tsami muna zuba. To ga shi na zauna na rubuta gaba ɗaya, wadda ba ta iya karatu ba ta nemi mai karanta mata.

Kun dai san ni, Hansai mai inji. Ni ba mai fita ba ce. Ina cikin gidana a Kademi, injin markaɗena yana gefe, duk labarin gari da ƙafarsa yake zuwa ya same ni. Abin da ya fitar da ni Sale ne, ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, mu biyun nan kaɗai muka rage.

Sale makanike ne, gyaran adaidaita yake yi a Gaya tun kafin ya yi gemu. Sai taubashinmu Garba, ɗan Gwaggo Delu ƙanwar babanmu, ya buɗe tasa rumfar a Ajingi, ya kafa allo mai fenti, ya raɗa wa kansa Injiniya. Ya dinga bin direbobi yana cewa hannun Sale ya tsufa, ƙarfen zamani ya fi ƙarfinsa. Wasan taubasai ne, mu mun sani, amma direbobi ba su san wasa ba. Ɗaya bayan ɗaya suka koma wajen Garba.

To su biyun duk suna da wata jaraba, motocin nan na rimot da suke samowa a gwanjo a Kano. Ba irin na roba da ake saya wa yara da sallah ba. Waɗannan tsawonsu ya fi kamu guda, ƙafafunsu kamar na tarakta, in suka tashi da gudu ko zomo sai ya ba su hanya. Duk abin da ke cikin babbar mota akwai ɗan ƙaraminsa a ciki. Gardama ta yi gardama a tasha, har Ciyaman ɗin direbobi ya ce a daina cika musu kunne: kowa ya gyara ƙaramarsa da hannunsa, a je filin Toranke a sake su. Wanda tasa ta riga, shi ya san ƙarfe, wajensa za su riƙa kai manyan.

Ranar da Sale ya gaya min yana cin ɗumame a tsakar gidana, bai ɗago ya dube ni ba.

"Yaya, in Garba ya cinye ni a gaban mutane, rufe rumfar zan yi in tafi Fatakwal. Akwai wanda ya yi min hanya."

Na ce, "A kan motar wasan yara?"

Ya ce, "A kan sunana."

Na so in yi dariya, amma da na leƙa gidansa da yamma na tarar matarsa ta wanke tsohuwar jakarsa ta tafiya ta shanya a igiya. Washegari na ce ai ni ma na daɗe ban gaida Gwaggo Delu ba, da ni za a je. Har maƙwabta sai da suka fito kallo da suka ga na rufe ɗakin inji na sa mayafi.

A tsohuwar adaidaitar Sale muka tashi, shi a gaba, ni a baya da kwalin motar da ƙullin tsaraba, daddawa da ƙuli-ƙuli. Kafin ya tayar sai ya miƙo min wata 'yar kwalbar roba, ba ta fi ta maganin ciwon ido ba.

"Yaya, riƙe min wannan, ki kula da shi kamar idonki. Man difa ne. Daga Legas aka aiko, sati uku ina jira."

Ni kuwa duk abin da nake ji da shi a haɓar zani nake ƙulle shi, haka muka ga iyayenmu suna yi. Na ƙulle tamau na soke a ƙugu. Sannan na tambaye shi mene ne kuma difa.

Ya ce wata 'yar tukunya ce mai haƙora a ciki, tana tsakanin tayar hagu da ta dama. "Ki ɗauka mata biyu ne suka riƙe hannu za su zagaya turmi. Wadda ke jikin turmin taku kaɗan za ta yi, ta waje kuwa sai ta haɗa da gudu. To difa ce ke barin kowacce ta yi nata takun. Man da aka zuba a ciki shi ne riƙon hannun. In mai kauri ne, sun riƙe juna gam, tare za su ja, amma juyawa sai da lallashi. In mai ruwa ne, da yatsa ɗaya suka riƙe, juyi kamar walƙiya, amma da ɗaya ta taka santsi duk ƙarfin wajenta zai tafi, ta yi ta wutsil-wutsil a wuri ɗaya, 'yar'uwarta tana tsaye tana kallonta."

Na ce, "Ashe dai zaman gida ne."

Ya ce, "Ke komai sai kin kai shi gida."

A Gaya muka tsaya na sayi goro na Gwaggo. 'Yan tasha suka yi caa a kan Sale, wannan ya ce Allah ya ba da sa'a, wancan ya ce in ya isa Fatakwal ya aiko masa da busasshen kifi. Sale ya yi kamar bai ji ba, amma na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

Daga Gaya muka miƙi hanyar Ajingi, nan ne abu ya fara. Muka faɗa wani rami, na yi sama na dawo da dukkan nauyina, kun kuwa san Allah bai rage ni ba. Bayan nan duk kwanar da Sale ya sha sai in ji na sulale daga wannan gefen kujera zuwa wancan, suuu, in bugi ƙarfe. Ya sha ta dama, in sulalo in dawo. Na dinga zazzaga masa.

"Kai Sale, buhun gero ka ɗauko? Wane irin tuƙi ne wannan?"

"Yaya, a hankali fa nake tafiya."

"A hankalin ne nake yawo a kujera kamar sabulu a bahon wanka?"

Haka muka yi ta yi har muka iso iyaka. Eh, iyaka na ce. Ku da kuke zuwa Makka kuna ba mu labarin fasfo, mu ma mun ga tamu. Inda ƙasar Gaya ta ƙare ta Ajingi ta fara, an gicciya wata igiya mai tsummoki, wani dattijo yana zaune a gindin darbejiya da sanda, yana duba masu wucewa da kaya. Ya leƙa kwali ya ga mota, ya ga rimot da ɗan tsinkensa a tsaye, sai ya ja da baya taku biyu.

"Wannan ba irin abin nan ba ne da ke tashi sama yana leƙa gidajen mutane?"

Sale ya ce, "A'a Baba, a ƙasa take tafiya."

"To ta tafi in gani."

Aka sauke ta. Sale ya ɗan zagaya da ita gindin bishiya. Baba ya washe baki, haƙoransa uku suka bayyana, ya ce a ba shi shi ma ya taɓa. Ai kuwa ya danne abin da dukkan yatsansa, mota ta yi fitar burgu ta faɗa cikin garken zabin wasu mutane. Zabi suka tashi sama da kururuwa, Baba ya saki rimot ya ɗora hannu a ka yana salati. Ni dariya ta ci ƙarfina, na ce bari in sauko in miƙe ƙafa. Ina sa ƙafa ɗaya ƙasa sauran jikina ya biyo ta ba shiri, sai ga ni zaune a tsakiyar hanya.

Sale ya zo ɗaga ni, ya ga kujera tana ƙyalli, bayan zanina yana ƙyalli. Ya shafa da yatsa ya murza. Na kwance haɓar zani, ga 'yar kwalba ta zama faifai, ko ɗigo babu.

Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Gefen hanya ya samu ya tsuguna ya ce, "Yaya, kin zauna a kan rayuwata."

Dattijon ne ya matso ya tambayi abin da ya faru. Da ya ji, sai ya laluba aljihu ya fito da wani ɗan gwangwani.

"Man kaɗanya ne. Gwiwata in ta ƙi lanƙwasuwa shi nake shafa mata, in ta cika rawa ma shi ne. Gwada wa 'yar motar taka."

Sale ya lakata ya murza, ya ga da kauri. Ya ce ai kuwa da alama. Muka ba Baba ƙuli-ƙuli, ya sauke mana igiya, har da ɗaga mana sanda kamar wasu manya.

Da la'asar muka shiga Toranke. Jama'a, in gaya muku, mutanen can Hausa suke yi kamar mu, amma al'adarsu daban. Gaisuwarsu ba ta ƙarewa, sai sun tambaye ki gida da gajiya da zafi da awaki, ki ɗauka an gama, sai a sake ɗaukowa daga farko. Furarsu kuwa barkono ne aka ɗan sa wa gero. Miyar kukarsu ta fi tamu tsinkewa, amma daddawarsu, gaskiya, ba zan ci amana ba, ta fi tamu ƙamshi. Sai da na ji kunyar wadda na kai.

Gwaggo Delu ta rungume ni tana cewa 'yar nan ashe kina da ƙafa. Tana cikin haka Garba ya shigo, da wata rigar leda mai aljihu goma, kowanne da sifana a ciki.

"A'a! Baiwata ce da kanta? Kin zo taya ƙaninki ɗaukar jaka zuwa tasha?"

Na ce, "Bawan gidanmu, wa ya ba ka izinin tsayawa ina zaune? Na zo in ga allon da aka ce ya fi mai shi ilimi."

"Sale, me ya sami zanin yayarka? Ko ita ma juyen mai aka yi mata?"

Gwaggo ta jefe shi da mafici ta ce ya fita ya ba baƙi wuri. A ɗakinta na sauka, gadon ƙarfe mai rumfa, a ƙarƙashinsa kaza tana kwanci. Gwaggo ta ce kada in damu, ba ta tsattsagar baƙo sai ya yi minshari. Muna cin tuwo ta sunkuyo ta rage murya.

"Ni ban san kan abin nasu ba. Amma na ga ɗan nan yana kwaɓa gam ɗin nan mai kala biyu, yana ɗura wa motar a ciki. Abin da nake liƙe tulu da shi!"

Da na kai wa Sale wannan labari ya ce ya gane. Garba ya kashe difarsa ke nan, ya ɗaure matan nan biyu ƙafa da ƙafa. A miƙaƙƙiyar hanya da cikin yashi babu mai kamo ta, amma a kwana sai ya taka birki ya wurga gindinta, kuma wata guda ya yi yana koyon hakan.

Filin tseren masussuka ce a bayan gidan Gwaggo, zana kaɗai ta raba. Ƙasar ta daku ta yi tauri, an kafa tsofaffin turame biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, su za a zagaya. A tsakiya kuma akwai inda ruwan damina ke bi ya tara yashi, dole a ratsa shi a kowane zagaye. An sa tsere bayan azahar, don direbobi su ɗan yi aikin safe.

Da sassafe, gari da ɗan sanyi-sanyi, Sale ya cusa man kaɗanya ya gwada. Mota ta zagaya turmi lafiya, ta ratsa yashi kamar ba yashi ba. Ya shigo yana tafiya kamar ango, ya sha koko kofi biyu, ya ce Baba mai igiya waliyyi ne.

Rana ta ɗaga, bazara ce, irin wadda ƙarfen guga ke ƙona hannu. Ina tsakar gida ina taya Gwaggo tsince shinkafa, Sale ya koma fili yana ƙara gwaji. Ban ga komai ba, ji kawai nake yi. Da safe kukan motar a dunƙule yake, guuu. Yanzu kuwa in ta zo wani wuri sai ya siraice ya haye sama, wiii, kamar injina in bel ya saki, yana ta ihu amma dutse ba ya cin komai. Na ajiye faranti na je jikin zana.

"Sale! Ƙafa ɗaya tana gudu ita kaɗai!"

"Yaya, don Allah ki koma wajen shinkafarki."

"Na ce maka wani abu ya saki a cikinta!"

Ban rufe baki ba ta shiga yashi ta tsaya cak. Na leƙa ta wata kafa, ga tayar hagu tana ta feshin yashi sama, ta dama ko motsi. Ya ɗauko ta ya shigo gida ya kwance 'yar tukunyar a kan tabarma. Man kaɗanyan nan ya zama ruwa, ya bi yatsunsa yana ɗiga. Ni da Gwaggo muka dubi juna. Wace mace ce ba ta san man kaɗe ba ya jure rana ba? Da ya tambaye mu tun jiya da mun gaya masa, amma wa ke tambayar mata zancen mota?

Ya rage bai fi awa biyu ba. Na ce ya sa giris mana, ga shi da gwangwani guda. Ya ce ya taɓa gwadawa, haƙoran ture shi suke yi jikin bango su ci gaba da juyawa a sake. Man gyaɗa ya fi wannan ruwa. Ya dubi bakin ƙofa ya ce ko shi ma gam ɗin zai ɗura. Sai kuma ya girgiza kai, ya ce a awa biyu ba zai koyi abin da Garba ya yi wata yana koyo ba.

Na ce, "Tsaya. Kar ka gaya min sunansa, gaya min halinsa. Wane irin abu take so?"

"Abu mai nauyi, mai yauƙi. In kin tsoma tsinke kin ɗaga ya biyo ki kamar zare. Kuma zafi kada ya mai da shi ruwa."

Na ce, "Kai, ka ce alewa take so."

Na yi sana'ar alewa shekara da shekaru kafin in sayi inji. Sukari in ya huce daskarewa yake, ba zai yi ba. Amma zuma in aka ɗora ta a wuta ta rage ruwa, kaurinta a hannun mai dafawa yake. Kuma tun jiya na hango wata kwalba a bayan kwallayen Gwaggo, zumar amya ce da take lasa saboda tari. Matsalar ɗaya ce, zumar uwar Garba ce.

Na je na durƙusa. "Gwaggo, wata alfarma zan roƙa, in kin hana ba zan ji haushi ba."

"Na ji ku, ba kurma ba ce ni." Ta juya goro a baki. "In wannan ya ci, nawa ɗan zai sha kunya. In nawa ya ci, ɗan yayana zai tafi inda ba zan ƙara ganinsa ba." Ta miƙa hannu ta jawo kwalbar. "Kunya ba ta kisa. Kuma bakinsa ya yi yawa kwanan nan, har ni yake gaya wa yadda ake hura wuta. Ludayi biyu, kar ki ƙara."

Na ɗora ɗan kasko a garwashi. Sale ya wanke haƙoran da kalanzir ya goge. Ina juyawa ina ɗiga wa a ruwa ina dubawa, sannan na sa murfin kwano a rana ya yi zafi, in ɗiga a kai in karkata, don in ga yadda za ta gudana in ta ji wuta. Ta farko na wuce da ita. Da ya zuba ya rufe, ya kama tayoyin biyu ya murɗa ɗaya gaba ɗaya baya, suka ƙi motsi.

"Yaya, kin yi min irin ta Garba."

Muka kwashe da ruwan zafi, na sassauta da ɗanya. Gwaggo tana daga gefe tana cewa wannan ai ludayi na uku ne, tana gani. Ya sake murɗawa. Suka juya, amma da nauyi, kamar ana tuƙa tuwo ya fara kama muciya. Sale ya dube ni, ya ɗaure kusoshinsa. Ko gwadawa bai samu yi ba aka kira salla.

Bayan azahar fili ya cika. Adaidaita sun yi layi a gefe, maza har kan rufinsu. Mu mata muna cikin gida, ni da Gwaggo da matan maƙwabta, kowacce ta buɗa wa idonta kafa a zana. Ciyaman ya ja layi da ƙafa, ya ce zagaye biyar ne, kuma duk wanda ya taɓa motarsa da hannu ya faɗi. Ya cire hula ya ɗaga ya sake ta.

Ta Garba ja ce, ta Sale shuɗiya. Kafin hula ta taɓa ƙasa jar ta yi gaba, ta ratsa yashi ta bar tamu a baya. 'Yan Ajingi suka ɗau sowa. Amma da ta isa turmi sai ta ƙi juyawa da daɗin rai, ta yi faɗi can waje tana jan gindi, ta Sale kuwa ta lafe jikin turmin ta shige ta ciki kamar kyanwa. Sai ga mu a gaba. Aka dawo yashi, jar ta sake wuce mu. Aka je ɗaya turmin, muka sake shigewa. Haka aka dinga yi, yashi na Garba, turmi na Sale. Gwaggo kuwa duk wadda ta wuce sai ta rangaɗa guɗa, wata ta tambaye ta wai ita wa take goyon baya, ta ce duk biyun ita ta yi musu wanka suna jarirai, a ƙyale ta.

A zagaye na huɗu na ji abin da nake tsoro. Can ƙasa-ƙasa, in tamu ta shiga yashi, siririn kukan nan ya fara dawowa. Zuma ta ji wuta ta fara saki. Sale kuwa da ya ga ana wuce shi sai ƙara danna yatsa yake yi, wanda shi ne zai sa ƙafa ɗaya ta ƙwace. Na manta da maza, na manta a garin mutane nake. Na ɗaga murya yadda nake yi in inji yana aiki.

"Sale! Sassauta yatsa a yashin! Lallaɓa ta!"

Kawuna suka juyo suna neman inda zana ke magana. Wani ya ce, "Ikon Allah, makaniken Gaya da kocinsa ya zo." Aka kwashe da dariya. Amma ya ji ni. Kukan ya koma ya dunƙule, ta ratsa yashin a hankali, ba ta tsaya ba.

Hakan ya ba Garba rata mai yawa a zagaye na ƙarshe. Saura turmi ɗaya, wanda ke kusa da zanarmu, sai yashi, sai layi. Da ya taka birki yadda ya saba, da yanzu Sale yana Fatakwal. Amma 'yan garinsu suna ta kiran Injiniya, Injiniya, shi kuma yana so ya gama da ƙawa. Ya shigo kwanar da dukkan gudunsa ya murɗa. Tayoyin gaba suka juya, motar ba ta juya ba. Ƙafafun da ya ɗaure suka tura ta gaba sak, ta nufo mu, ta tsaga ƙasan zana ta shigo gida. Mata suka watse da ihu, ta bi ta tsakanin ƙafafuna, ta daki murhu ta kife, tayoyinta suna ta juyawa a sama.

Na koma kafata da sauri. Ga shuɗiyar Sale ta zagaya turmi, ta shiga yashi a hankali kamar tsohuwa ɗauke da tulu, tana ɗan kuka, tana ja, tana ja, har ta fita ta taka layi. Ban san lokacin da na rungume wata mata da ban ko san sunanta ba.

Garba ya shigo ɗaukar motarsa, gumi har gemu. Ya sunkuya a bakin murhu, sai ga kasko a gabansa, ƙudan zuma biyu suna shawagi a kai. Ya dubi kasko, ya dubi kwalbar da ta yi rabi, ya dube ni.

"Inna, zumarki ce wannan?"

Gwaggo ta yi wani ɗan tari da ban ji ta yi irinsa ba tun zuwana. "Ni dai ƙirjina ne ya matsa min, 'yar nan ta ce a dafa ta fi aiki."

"Baiwata, ke ce ko?"

Na ce, "Ni me na sani a ƙarfe? Ka tambayi allonka."

Ciyaman ya yanke hukunci a gaban kowa. Da yammar nan Sale ya kwance difar ya wanke ta tas, don ya ce in ta kwana tururuwa za su gama da ita. Washegari da muka kamo hanya, adaidaita uku ne suka biyo mu a baya har rumfarsa a Gaya, kowacce da ciwonta. Ni kuwa na shimfiɗa buhu a kujera, na iso Kademi ba tare da na sulale ko sau ɗaya ba. Sale yana nan, ba inda ya je, kullum da safe sai ya zo ya cinye min ɗumame.

Kun lura ban faɗi tsawon lokacin da na bar ta a wuta ba, ko yawan ɗanyar da na ƙara. Da gangan ne. Ranar Talatar nan Garba ya yi sallama a ƙofar gidana, babu rigar leda, da kwalbar zuma cikakkiya a hannu. Ya durƙusa har ƙasa yana ce min uwar ɗakina. Wai ya roƙi direbobi sun yarda a sake karawa bayan sallah, ya fasa gam ɗin ya sayi sabuwar difa, ya dafa zuma sau huɗu, biyu ta ƙone, biyu ta tsinke. Kuma ya kawo saƙon Gwaggo, ta ce a gaya wa 'yar nan aiki ya ja baya a rumfar Ajingi, kuma daga rumfar nan ake cefanen gidanta.

Na karɓi zumar, na ce ya dawo Juma'a. Sale bai sani ba tukuna. Ga ƙanena, ga tsohuwar da ta ba ni ludayi uku tana sane da wanda za a kayar da su. Ku da kuka matsa sai kun ji labari, in ku ne ni, ranar Juma'a me za ku ce wa Garba?